Kututture da Toho: Tarihin Farfaɗowar Daji a Ƙasar Zamfara da Maƙwabtanta

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Anka zuwa Bagega bayan an kawar da amfanin gona, zai ga abu biyu a gonaki. Na farko, manyan itatuwa tsaye nan da can, kamar kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da kuka, waɗanda gatari ya tsallake. Na biyu, ƙananan kututturai na sabara da kalgo da geza, waɗanda ake sarewa kowace bazara, su kuwa su sake toho kowace damina. Waɗannan abubuwa biyu su ne jigon wannan lacca. Tambayar da ake son amsawa ita ce: idan aka sari wani sashe na daji aka bar wani, me ke sa dajin ya komo, me kuma ke hana shi komowa? Amsar tana cikin halin itatuwa, tana kuma cikin tarihin dokokin da aka ɗora musu.

Sassabe da saura

Kafin zuwan Turawa, manomin ƙasar Zamfara ba ya share daji ƙarƙaf. Idan zai yi sassabe, yakan bar itatuwan da ke ba shi abinci ko magani ko inuwa: kaɗanya don man kaɗe, ɗorawa don kalwa da daddawa, kuka don miya, gawo don dabbobi. Sauran kuwa yakan sare su daidai gwiwa ya ƙone rassan, amma ba ya tone saiwa. Bayan shekaru kaɗan, idan ƙasa ta gaji, sai ya bar ta ta zama saura. A nan ne kututturan ke samun dama. Saiwar da ta daɗe a ƙasa tana da abinci a ajiye, ta kuma riga ta kai ga laima, saboda haka tohonta kan yi saurin girma fiye da tsiron da ya fito daga ƙwaya. Doka, wadda ta yawaita a dazuzzukan kudancin wannan yanki, har daga jikin saiwarta takan fid da sabon tsiro.

Sarakuna ma sun sa hannu. A Damagaram ana ruwaito cewa sarakunan ƙarni na 19 sun yi hani mai tsanani ga sare gawo. Dalilin a fili yake. Gawo yakan kaɗe ganyensa da damina, watau ba ya tare wa gero rana, sa'an nan ya yi ganye da rani, dabbobi su taru a gindinsa su ci 'ya'yansa su bar taki.

Ilmin da Turawa suka zo da shi

Ilmin dajin da Turawan mulki suka kawo an haife shi ne a Jamus. Dazuzzukan can sun ƙunshi itatuwa masu ganye kamar allura, irin su fain, kuma mafi yawansu ba su toho daga kututture. In an sare su, sun mutu ke nan, sai dai ƙwaya ta tsiro. Masanan Jamus, musamman Georg Ludwig Hartig wanda ya wallafa littafinsa cikin 1791, suka tsara sara kashi-kashi. Akan fara sare wasu don haske ya shiga, a bar zaɓaɓɓu su zubar da iri su kuma yi wa tsiron inuwa, sa'an nan in tsiron ya kafu a kawar da iyayen. Sun lura da abin da manomi ya sani: in inuwa ta yi yawa tsiro ba ya girma, in ta yi kaɗan ciyawa ta murƙushe shi, in kuwa tsiron ya yi cunkoso sai ya yi ta ƙwacen ruwa da haske da junansa har da manyan da aka bari, dole a rage shi kamar yadda ake cirar gero.

Wannan ilmi ya bi ta Indiya da Bama ya iso Nijeriya. H. N. Thompson, wanda ya shugabanci aikin daji tun daga 1903, daga can aka ɗauko shi. Cikin 1916 aka yi Dokar Daji, aka shiga keɓe gandayen daji, ciki har da babban gandun dajin Zamfara da ke arewa maso gabashin ƙasar, wajen Zurmi. A Arewa an danƙa yawancin gandayen a hannun En'e, malaman daji suka zama masu ba da izini da cin tara. A ƙasashen renon Faransa kuwa, dokar 1935 ta mai da daji mallakar hukuma, ta kuma jera itatuwan da ba a taɓawa sai da takarda, ko da a gonar mutum suke.

An gwada tsarin sara kashi-kashi a kurmin kudancin Nijeriya daga 1944, musamman a ƙasar Bini. Akan yanke kurangar daji, a kashe itatuwan da ba su da kasuwa da guba, don tsiron katako ya sami haske. Aikin ya ci kuɗi, tsiron da ake nema bai fito yadda aka zata ba, aka yi watsi da shi aka koma ga dashe. A Arewa ma dashe aka runguma. An kafa tashar binciken itatuwa a Samaru ta Zariya, aka dasa fain da turare a wurare irin su Afaka kusa da Kaduna, aka baza dogon yaro a garuruwa da bakin hanyoyi. Kututturen sabara da kalgo kuwa ba a ɗauke shi itace ba, an lissafa shi cikin dattin gona.

Tsoron hamada

Cikin 1935 wani masanin daji, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara na tahowa kudu. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa wanda ya zaga iyakar Nijeriya da Nijar cikin 1936 da 1937. Kwamitin bai ga alamar rairayi na tafiya ba, abin da ya gani shi ne ɓarnar sara da gobara a wasu wurare. Duk da haka tsoron ya zauna, kuma farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1985, suka ƙarfafa shi. Gwamnatoci suka kashe kuɗi masu yawa wajen renon dashe da kafa shingen itatuwa. Wasu sun rayu, kamar shingen dogon yaro na kwarin Majiya a Nijar da aka fara cikin 1975. Da yawa kuwa rani da gara da awaki sun cinye su tun ba su shekara ba.

Darasin Maraɗi

A ƙasar Maraɗi, wadda ke iyaka da Zamfara ta arewa, gonaki sun zama fili fetal a farkon shekarun 1980. Dokar dajin Nijar ta 1974 ta gaji ta Faransa, saboda haka manomi na ganin itace a gonarsa jawo tara ne, gara ya kawar da shi tun yana ƙarami. Cikin 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda dashensa ya sha mutuwa, ya lura cewa ƙananan kurmin da ke gonaki tohon tsofaffin kututturai ne masu rai. Shawararsa mai sauƙi ce: a zaɓi toho mafi ƙarfi, kaɗan a kowane kututture, a sare sauran, a riƙa yi musu aski. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani.

Lokacin yunwar 1984 an haɗa wannan aiki da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare abin da suka rena. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani: itacen girki a kusa, ganye ga dabbobi, iska ta daina binne shuka da rairayi. Cikin wannan shekara ta 1984 aka yi babban taron ƙasa kan hamada a Maraɗi, a zamanin Seyni Kountché. Sannu a hankali malaman daji suka sassauta, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa. Binciken Chris Reij da Gray Tappan, wanda ya gwama tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, ya kiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, ba tare da dashe ba. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood cikin 2018.

Komawa Bagega

Ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi ta fi Maraɗi ruwan sama, don haka toho ya fi saurin girma a nan. Amma nauyin da ke kan dajinta ya sake kama. Yawan jama'a ya gajarta saura, garmar shanu da tarakta na bukatar a tone kututture, masu gawayi kuwa sun fi son kirya da marke, har da kaɗanya mai 'ya'ya, watau iyayen da ya kamata su zubar da iri. Haƙar zinariya ta tara mutane a daji, ta bar ramuka. Cikin 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 suka rasu, Bagega kuwa sai cikin 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta aka zuba sabuwa. Bayan haka rashin tsaro ya mai da dazuzzukan Zamfara mafakar 'yan bindiga, har wasu suka fara ganin daji kansa shi ne abokin gaba. Gonar da mai ita ya gudu ya bari takan yi toho, amma toho marar aski sarƙaƙƙiya ne, gobarar rani ɗaya ta isa ta mai da shi toka.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna sharuɗɗa uku. Na farko, abin da aka bari ya fi abin da aka sare muhimmanci: a dajin fain iyayen iri, a dajin Zamfara iyayen iri da saiwa mai rai. Na biyu, tsiro na bukatar hannu, a rage shi, a kare shi daga wuta da baki har ya fi ƙarfin akuya. Na uku, mutum ba ya renon itacen da za a ci shi tara a kansa. Zamfara na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi cikin 2007. Ma'aikacin da aka ba kasafin dashe ya kamata, kafin ya sayi leda da iri, ya ƙirga kututturan da ke gonakin gundumarsa, ya kuma tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya rena nasa ne.