Golf na faifai: Yadda faifan cin dogon zango ke tashi a hannun ɗan koyo da na gwani

Golf na faifai wasa ne da ake jefa faifan roba daga wurin da aka shata zuwa wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da aka kafa a kan sanda. Inda faifan ya faɗi, daga nan ake sake jifa, har sai ya shiga kwando. Fili guda kan ƙunshi kwanduna 9 ko 18, kuma wanda ya kammala su da mafi ƙarancin jifa shi ne ya yi nasara, kamar yadda ake yi a wasan golf na ƙwallo da sanda.

Wasan bai yaɗu a arewacin Najeriya ba, don haka duk wanda ya yi sha'awarsa, ko malamin wasanni da ke son shigar da shi makaranta, daga waje zai yi odar kayan da kuɗin ƙetare. Abin da ya fi jan hankalin mai saye shi ne faifan cin dogon zango, domin shi ake gani a hannun zakaru. Sai dai wannan faifai yana da sharaɗi: ba ya tashi yadda aka ƙera shi sai ya bar hannu da gudun da yake buƙata. Idan gudun ya gaza, faifan kan faɗi kusa fiye da wanda bai kai shi suna ba.

Asalin wasan da faifansa

An kafa filin wasan na dindindin na farko a 1975 a dandalin Oak Grove da ke kusa da Pasadena a jihar Kaliforniya ta Amurka. Ed Headrick, tsohon ma'aikacin kamfanin Wham-O mai yin faifan Frisbee, shi ne ya tsara filin. A 1976 ya kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, PDGA, wadda har yanzu ita ke shata dokoki, kuma a 1977 ya samu haƙƙin mallakar kwando mai sarƙoƙi. Bayan Amurka, ƙasar Finland ce ta fi yawan filayen wasan.

Da farko da faifai mai dunƙulallen baki ake wasa, irin wanda ake cafewa da hannu. A 1983 Dave Dunipace na kamfanin Innova ya fito da faifai mai siririn baki da ke keta iska, wanda aka sa wa suna Eagle. Daga wannan ƙira faifan nisa na yau ya samo asali.

Dokar PDGA ta ce faɗin faifai kada ya gaza santimita 21, nauyinsa kada ya wuce giram 8.3 a kowace santimita ta faɗi, kuma kada ya haura giram 200 gaba ɗaya. Shi ya sa mafi yawan faya-fayen nisa ke tsayawa a wajen giram 175. Faɗin bakin faifai, wato kaurin da yatsu ke kamawa, ba ya wuce santimita 2.6.

Faya-fayen sun kasu kashi huɗu: na jefawa kwando daga kusa, na matsakaicin zango, na dogon zango mai sauƙin sarrafawa, sai na cin dogon zango, wanda bakinsa ya fi faɗi, yawanci daga santimita 2 zuwa 2.5.

Lambobi huɗu da ke jikin faifai

Kamfanin Innova ya yaɗa tsarin lambobi huɗu da kamfanoni da yawa ke bugawa a kan faifai.

Ta farko ita ce sauri, daga 1 zuwa 14. Tana nuna yadda faifan ke keta iska, da kuma ƙarfin jifan da yake nema. Faifan cin dogon zango kan fara ne daga wajen 10 zuwa sama.

Ta biyu ita ce shawagi, daga 1 zuwa 7, wato yadda faifan ke iya daɗewa a sama.

Ta uku ita ce karkata, daga +1 zuwa -5. Ga mai jifa da bayan hannun dama, tana nuna yadda faifan zai kauce zuwa dama a farkon tafiyarsa, lokacin da yake da cikakken gudu.

Ta huɗu ita ce komowa, daga 0 zuwa 5, wato yadda zai lanƙwaso zuwa hagu a ƙarshe idan gudunsa ya ragu. Ga bahago, ko mai jifa ta gefe da hannun dama, ɓangarorin biyu kan juya.

Misali, faifan Destroyer na Innova yana ɗauke da 12, 5, -1, 3, yayin da Leopard ke da 6, 5, -2, 1. Faifan da ke ƙin karkata, ya kuma komo da ƙarfi, ana iya kiransa mai taurin kai. Wanda ke karkata cikin sauƙi, ya komo kaɗan, mai sauƙin kai ne. Lambobin ƙiyasin kamfani ne, babu ma'auni guda da ya haɗa kamfanoni duka, don haka faya-faye biyu masu lamba ɗaya na iya tashi daban.

Abin da ke faruwa a sama

Faifai a sama fiffike ne da ke juyawa kamar gare. Iskar da ke bin samansa da ƙasansa ita ke ɗaga shi, juyawar kuma ita ke hana shi kifewa. Wurin da iska ta fi tura faifan yana sauyawa da gudu. Yayin da yake gudu sosai, turin kan koma bayan tsakiyarsa. Idan gudu ya ragu, faifan ya fara saukowa, sai turin ya dawo gaba. Da yake abu ne mai juyawa, turin ba ya ɗaga gabansa ko bayansa kai tsaye, sai dai ya kwantar da shi gefe. Wannan ne ke haifar da karkata zuwa dama a farko da komowa hagu a ƙarshe.

Saboda haka faifai guda na da hali biyu, kuma gudun hannun mai jifa ne ke yanke wanda za a gani.

Faifai ɗaya a hannu uku

Ɗan koyo, wanda jifansa ke tsayawa tsakanin mita 50 zuwa 70, ba ya kai Destroyer gudun da zai karkata. Da ya bar hannu sai ya shiga komowa, ya lanƙwasa hagu ya faɗi da baki. Faffaɗan bakin yana da wuyar riƙewa, musamman ga yara da masu ƙananan yatsu. Idan kuma gaban faifan ya ɗaga sama wajen saki, kuskuren da ya zama ruwan dare ga masu farawa, sai ya hau sama ya tsaya ya faɗo. Babbar illar ita ce ɗan koyo kan soma murɗa wuyan hannu ko karkata jiki don tilasta wa faifan miƙewa, ya saba da salon da zai yi wuyar gyarawa daga baya. Faifan matsakaicin zango irin Buzzz na kamfanin Discraft, mai 5, 4, -1, 1, ko Leopard mara nauyi, kan kai shi nesa fiye da haka, kuma a miƙe.

Matsakaicin ɗan wasa, mai kai mita 80 zuwa 110, wato kusan tsawon filin ƙwallon ƙafa, shi ne ke fara cin moriyar faifan nisa, amma mai sauƙin kai. Valkyrie mai 9, 4, -2, 2 ko Sidewinder mai 9, 5, -3, 1 kan karkata masa kaɗan, ya yi shawagi, sannan ya komo a hankali. Destroyer a hannunsa kan tafi a miƙe na ɗan lokaci kafin ya lanƙwasa hagu da ƙarfi, wanda ke da amfani idan ana fuskantar iska ko ana son zagaye bishiya.

Gwani, wanda faifai ke barin hannunsa da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, shi ke ganin cikakkiyar tafiyar da lambobin suka faɗa: karkata dama, dogon shawagi, sannan komowa hagu, har mita 130 zuwa 150 ko fiye. Shi kuma faifai mai sauƙin kai ne ke ba shi matsala, domin yakan kife dama ya ƙi dawowa.

'Yan wasa na da ƙa'idar baki da suke auna kansu da ita: kowace lambar sauri na neman jifan kusan mita 10 zuwa 11. Bisa wannan, faifai mai lamba 12 na buƙatar wanda ke kai wajen mita 125.

Masunta a tafkin Nguru da kogin Yobe a Gashua sun san irin wannan a wurin jefa birgi. Babbar koma ba ta buɗewa a hannun yaron da ke koyo, kuma ƙarfin jifan daga juyin ƙugu da kafaɗa yake fitowa. Haka abin yake a jifan faifai.

Iska, zafi da ƙasa

Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewacin Yobe ta dace da dogon jifa, amma yanayinta na sauya halin faifai. Iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu misali ce. Wanda ya jefa faifai yana fuskantarta ya ƙara masa gudu a cikin iska, don haka zai fi karkata dama, sai a ɗauki mai taurin kai. Wanda iskar ke bayansa zai ga faifan ya yi saurin komowa hagu, sai ya ɗauki mai sauƙin kai.

Iskar baya mai ƙarfi ce ta taimaka wajen kafa tarihin jifa mafi nisa a duniya. A ranar 28 ga Maris, 2016, David Wiggins Jr. ya jefa faifan Boss na Innova mita 338 a hamadar Primm da ke jihar Nevada, fiye da tsawon filayen ƙwallo uku. A wannan shekarar kuma Jennifer Allen ta kafa na mata da mita 173.3. Ba a ganin irin wannan nisa a gasar yau da kullum.

Zafi ma yana da tasiri. A bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Nguru da Gashua, iska kan yi sakayau da kusan kashi 8 cikin 100 idan aka kwatanta da ma'auni 15. Iska sakayau ba ta ɗaga faifai sosai, kuma tana ƙara masa taurin kai kaɗan. Faifan da aka bari cikin mota a rana kuwa yana iya lanƙwashewa.

Yawan karo da bishiya ko busasshiyar ƙasa na cinye bakin faifai, ya ƙara masa sauƙin kai. Roba mai arha ta fi saurin yin haka. Mafi yawan faya-fayen nutsewa suke yi a ruwa, abin lura ga masu wasa kusa da fadama.

Abin da ya kamata mai farawa ya yi

Faifai ɗaya na kwando da ɗaya na matsakaicin zango sun isa farawa, kuma masu nauyin giram 150 zuwa 165 sun fi dacewa da yara da matasa. Sai mutum ya iya jefa su a miƙe har mita 70 zuwa 80 kafin ya koma ga mai sauri 6 ko 7, daga nan zuwa 9. Makarantar da ke da ɗan kuɗin kayan wasanni za ta fi amfana da faya-faye masu ƙananan lambobi, waɗanda kowane ɗalibi zai iya jefawa.

Bakin faifan nisa yana da kaifi, yana iya fasa goshi ko raunata dabba. Ba a jifa sai an tabbatar babu mutum ko garke a gaba, kuma abokan wasa su tsaya bayan mai jifa har faifan ya sauka.