Birnin Fulorans da farfaɗowar ilimin mutanen dā

Yau hirarmu ta tarihi za ta kai mu ƙasar Itali, cikin Turai, wani birni da ake ce ma Fulorans.

Tun kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Girka da na Rum sun yi nisa wajen ilimi da gini da sassaƙa. A shekara ta 476 daular Rum ta yamma ta faɗi. Littattafai da yawa suka ɓace, waɗansu suka kwanta cikin ɗakunan limaman Kirista. Malaman Larabawa sun juya waɗansu cikin harshensu. Ibn Rushd na Andalus ya yi sharhin littattafan Aristo, Turawa kuma suka karanta shi. Wajen shekara ta 1350 malaman Itali suka duƙufa neman wannan gado. Faransawa suna ce ma zamanin Renesans, watau sake haihuwa.

To, me ya sa aka fi ambaton Fulorans? Dalili na farko dukiya. Garin masaƙa ne da marina, suna aikin gashin tumaki, suna kai tufafi ƙasashe masu nisa. A 1252 suka buga kuɗin zinariya mai suna fulorin. Ku sani, wani kashi na zinariyar da ke shiga Turai a lokacin daga Afirka ta Yamma ya fito, raƙuma suka ƙetara hamada da shi. Dalili na biyu karatu. Wani marubucin garin, Jobanni Billani, ya ce wajen 1338 yara 8,000 zuwa 10,000, maza da mata, suna koyon karatu a birnin. Ɗan kasuwan da ya iya rubutu da lissafi ba a cutarsa da sauƙi.

Sana'o'i da yawa suna da ƙungiyoyinsu da shugabanninsu. Ƙungiyoyin nan su ne suke biyan magina da masu zane. Ƙungiyar masu ulu ita ke kula da ginin babbar majami'ar garin. An fara ginin a 1296, amma fiye da shekara ɗari tsakiyarsa na buɗe, ruwan sama na zuba ciki. Faɗin wurin ya kai mita 45, ba wanda ya san yadda za a rufe shi. Sai wani maƙerin zinariya, Filippo Burunelleski, ya ce zai iya. An ce ya daɗe a birnin Rum yana auna kangayen mutanen dā. Ya yi ƙubba biyu, ɗaya cikin ɗaya, don nauyi ya ragu. Ya jera tubali a karkace yadda kowane ke riƙe da ɗan'uwansa, ba tare da an tokare ginin da katako daga ƙasa ba. Ya ƙera na'urar ɗaga kaya wadda shanu ke juyawa. An fara a 1420, an gama a 1436, da tubali fiye da miliyan 4. Ƙubbar tana nan tsaye har yau.

A farko mai zane ma'aikaci ne kamar maƙeri ko baduku. Yaro yana shiga hannun maigida, ya yi shekaru yana niƙa launi yana share ɗaki. Mai kuɗi kuwa yakan sa a rubuta yarjejeniya, har a faɗi irin shuɗin da za a yi amfani da shi, don shuɗi mai kyau daga wani dutse na Afganistan ake samunsa, yana da tsada ƙwarai. Haka Lewonardo da Binci, wanda aka haifa a 1452, ya koyi aiki wajen maigidansa Berokkiyo. Sannu a hankali darajar masu zane ta hau. Mikelanjelo yana da shekara 26 ya fara sassaƙa siffar Dawuda, mai tsawon mita 5, ya gama a 1504. Daga baya Paparoma da kansa ya aika a kira shi. Gidan Medici, masu banki, sun kashe dukiya mai yawa kan irin waɗannan ayyuka. A ganina ba son ilimi kaɗai ya sa su ba, har da neman suna da riƙe mulki.

Amma kada ku zaci kowa ya ji daɗi. Masu wanke ulu da masu shaɓarsa ba su da ƙungiya, ba su da ta cewa cikin mulki, ladansu kaɗan ne. A 1378 suka tayar, suka karɓi fadar gari, aka ba su ƙungiya. Ba a yi wata biyu ba aka murƙushe su, aka rushe ta.

Akwai kuma waɗanda suka ga almubazzaranci ya yi yawa. Wani mai wa'azi, Sabonarola, ya sa aka tara madubai da tufafin ado da zane-zane a dandalin gari a 1497, aka cinna masu wuta. Shekara guda bayan haka, a wannan dandali, aka rataye shi aka ƙone gawarsa.