Tsabta: mene ne amfaninta ga zaman jama'a?

Tsabta ita ce kula da jiki da tufafi da abinci da ruwan sha da muhalli, domin kauce wa ƙazanta da cututtukan da take haddasawa. Hausawa kan ce tsabta cikon addini, kuma alwala da wanka sun sa ruwa da buta ba sa nisa da kowane gida. Sai dai a fannin kiwon lafiya tsabta ba aikin mutum ɗaya ba ce. Inda ake cin tuwo a kwano ɗaya, ake ɗibar ruwa a rijiya ɗaya, ƙazantar gida guda tana iya kwantar da unguwa.

Yadda cuta ke yawo

Zawo da amai da gudawa da zazzaɓin taifot da shan inna duk hanyarsu ɗaya ce: ƙwayar cuta ta fito daga bayan gida, ta isa bakin wani. Tana bin hannun da ba a wanke ba, ko ƙudan da ya tashi daga kashi ya sauka kan abinci, ko ruwan sama da ya kwashe ƙazanta daga fili ya zuba a tabki ko rijiya. Shi ya sa annobar amai da gudawa ta fi ɓarkewa da damina. A shekarar 2018 ta ɓulla a gundumar Madarunfa ta jahar Maraɗi, ta kama sama da mutum 3,000 a ƙasar. A 2021 ta dawo ta kama fiye da 5,000, musamman a jahohin Maraɗi da Tawa da Damagaram.

Ƙananan yara su suka fi jin jiki. Yaron da ke yawan zawo ba ya amfana da abin da ya ci, sai tamowa ta samu hanya, ita kuma tamowar ta rage masa ƙarfin jure wata cutar. Mutane da yawa na ɗaukar kashin jariri ba ya da illa, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba.

Wanke hannu

Ma'aikatan kiwon lafiya na jaddada lokuta biyar: bayan fitowa daga salanga, bayan yi wa yaro tsarki, kafin girki, kafin cin abinci, da kafin ciyar da yaro. Ana cuɗa hannu da sabuni na aƙalla daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Inda babu sabuni, toka ta fi ruwa zalla. Tsoma hannu a tasa ɗaya bi da bi, kamar yadda ake yi a wajen suna ko biki, yana miƙa dattin na farko ga na ƙarshe. Gara a zuba wa kowa daga buta. Tun 2008 ake bikin ranar wanke hannu ta duniya kowace 15 ga Oktoba.

Ruwa da salanga

Ruwan famfo mai kyau na iya gurɓata a gida, idan randa ba ta da marufi ko kowa na tsoma moɗar da ya sha da ita. Tace ruwa da ƙyalle na cikin matakan da suka kawar da kurkunu, har hukumar lafiya ta duniya OMS ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da cutar. Amma tacewa ba ta kashe ƙwayar amai da gudawa, sai an tafasa ruwan ko an saka masa maganin kulorin.

Ita kuwa salanga, ana son a gina ta nesa da rijiya da kamar mita 30, a kuma rufe bakinta. Amfaninta ya wuce lafiya. Matan da ba su da ita a gida kan jira duhu kafin su fita daji, ga haɗarin maciji, ga zubewar mutunci. A makarantar da ba ta da makewayi na daban, ƴan mata kan ƙaurace wa aji lokacin al'ada. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 19 ga Nuwamba a matsayin ranar salanga.

Alhakin kowa

Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a a 1993, sannan a 2014 ta haramta shigowa da ledoji marasa ruɓewa da sayar da su, waɗanda ke toshe magudanan ruwa suna kuma kashe dabbobin da suka haɗiye su. A karkara ana amfani da tsarin ATPC, wanda ya samo asali daga Bangaladash: ba a raba kuɗi, mutanen gari ne ke zagayawa su ga inda ake bahaya da kansu, su yanke shawarar kowane gida ya gina salanga. Ba a ba gari takardar shaida sai kowa ya daina yi a fili, domin gida ɗaya da ya rage ya ishi ƙuda.

A birane kamar Yamai da Damagaram, kwashe shara da yashe magudanai na wuyan ofishin magajin gari, amma sharar ƙofar gida da rufe kwanon mai fura da mai tuwo na wuyan mazauna unguwa.