GILASHIN ƘOFAR MOTA: TARIHIN DA KE MAƘALE A TAGAR TSOHUWAR FIJO



A tashar motar Ringim, ko mahaɗar Gujungu, ko bakin kasuwar Shuwarin, da wuya a rasa motar da aka toshe tagarta ɗaya da kwali ko leda, aka bi gefen da salatif. Mukan gani mu wuce, wani lokacin ma mu shiga mu zauna a jikin tagar. Amma wannan kwalin yana da tarihi. In muka bi sawunsa zai kai mu ga jirgin ƙasa da gyaɗa, ga wani ɗakin gwaje-gwaje a Faransa, ga masana'antar Fijo ta Kaduna, ga faɗuwar darajar naira, har ya dawo da mu Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da ya sa muka zaɓo shi kuwa biyu ne: akwai rai da lafiya a cikin lamarin, kuma masu riƙe da labarinsa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

KAFIN TAGA TA SAMU GILASHI

Ringim ta san jirgin ƙasa kafin mota ta zama ruwan dare. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa gabas, ya ratsa Ringim da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. Gyaɗa ce ta jawo reshen, ita ce kuma ta jawo manyan motoci, domin sai an kwaso buhuna daga ƙauyuka kafin a loda su a tarago.

Motocin wancan zamani injin da ƙashin ƙarfen ne kawai suke zuwa daga Turai, jikin kuwa kafintoci ne ke haɗa shi da katako a nan gida. Fasinja yana zaune a kan benci ko a kan buhu, abin da ke tsakaninsa da ƙurar hunturu shi ne tamfol da rawaninsa. Gilashi na gaban direba ne. Shi ya sa tsofaffi idan suna ba da labarin tafiya a kan burji, da jar ƙura suke farawa, wadda ke sa mutum ya sauka ko 'yan gidansu sai sun dube shi sau biyu.

Ba wai ba mu san gilashi ba ne. Kwalba da madubi da ƙarau sun daɗe a kasuwanninmu, kuma Masagan Bida a ƙasar Nufe sun yi suna wajen narka gilashi su yi duwatsun wuya da awarwaro. Gilashin da zai jure gargada da jijjiga ne baƙo, kuma har a Turai sai da aka zubar da jini kafin a same shi.

GILASHI BIYU, FASHEWA BIYU

Motocin farko a Turai da Amurka gilashin taga irin na gida aka sa musu. Idan aka yi karo, sai ya tsage ya zama wuƙaƙe. Mutane da yawa karon bai yi musu komai ba, gilashin ne ya yanka su.

Wani masanin haɗa sinadarai Bafaranshe mai suna Édouard Bénédictus ya yi rajistar maganin farko a 1909: a manne falle biyu na gilashi da wani siririn abu mai kama da leda a tsakani. In ya fashe sai ya yi zane kamar saƙar gizo-gizo, amma ɓaraguzan su tsaya manne. Kamfanin Ford ya sa irinsa a gaban motarsa Model A da ta fito a 1927. Shi ne har yau a gaban motocinmu.

Magani na biyu shi ne gasasshen gilashi, wanda kamfanin Saint-Gobain na Faransa ya fitar da sunan Securit a 1929. Ana yanka gilashin daidai siffar da ake so, a gasa shi ya haura digiri 600, sannan a busa masa iska mai sanyi nan take. Bayansa ya riga cikinsa sanƙarewa, sai ya zama a ɗaure tamau, ƙarfinsa ya ninka na gilashin gida kamar sau huɗu zuwa biyar. Ranar da ya fashe kuwa, gaba ɗaya yake tarwatsewa ya zama ƙananan tsakuwa marasa tsini. Wannan shi ne ke ƙofofin mafi yawan motocin da muke hawa.

A nan asalin matsalar take. Gasasshen gilashi ba ya yankuwa, ba ya hudawa, ba ya karɓar faci. Da mai yanka ya ɗora masa lu'ulu'u ya danna, ya tashi aiki. Gilashin gaba in tsakuwa ta ɗan ƙwarzane shi akan iya lallaɓawa, na ƙofa kuwa sai dai a sauya. Kuma tun daga ƙarshen shekarun 1950 masu ƙera motoci suka fara lanƙwasa gilashin gefe, ya zama kowace mota da nata, kowace ƙofa da nata. Na hagu ba ya shiga dama, na gaba ba ya shiga baya.

ZAMANIN DA KAYAN GYARA KE KUSA

Ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta yi canjin hannu, tuƙi ya koma dama, kujerar direba ta koma hagu. Wannan ya karkatar da kasuwarmu daga motocin Ingila zuwa na Faransa da Jamus. Tagar hagu ta gaba kuma ta zama wadda ta fi kowace shan wahala, domin ta nan direba ke gaisawa, ya miƙa kuɗi, ya ba da hannu, ya amsa tambayar jami'i.

A 1975 masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ta Volkswagen ma ta fara a Legas. A farkon shekarar ce kuma aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, malaman makaranta da akawuna suka shiga sahun masu abin hawa. Fijo 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta zama motar gwamnati, motar alhazai, doguwarta kuma ta zama motar haya tsakanin Kano da Haɗejiya da Gumel. Faransa ta daina yin ƙaramar a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000.

Alfanun wannan ga mai fasasshen gilashi a fili yake. Motocin da ke kan titi iri kaɗan ne, dillalan kamfani suna nan, kayan gyara sababbi ne. Bakanike ɗaya ya san ƙofar 404 da ta 504 kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa.

DA NAIRA TA FAƊI

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai aka koma gwanjo. Motocin da Turawa suka gama yayinsu suka riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wasu su biyo ta Nijar, su ratsa Maraɗi su shigo Arewa. Sunan ƙasar Beljiyam ya zama sunan duk wani kayan gyara na hannu, har ya kasance an fi yarda da shi a kan sabo mai araha.

Ana cikin haka aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, Ringim ta samu masarautarta. Ma'aikata da yawa suka kama zirga-zirga tsakanin Kano da Dutse, 'yan kasuwa kuma ba su fasa bin Maigatari ranar Alhamis ba. Motocin gwanjo ne suka ɗauki wannan nauyi: Golf, daga baya Sharan da muke kira Sharon, da Toyota iri-iri. A shekarar 1991 ɗin ce kuma gwamnatin soja ta kafa dokar hana baƙin gilashi sai da izini, dokar da har gobe ake takaddama a kanta tsakanin direbobi da 'yan sanda.

Yawan ire-iren motoci ya sauya sana'ar. Gilashin ƙofar tsohuwar mota ya zama abin farauta, kuma dajin farautar shi ne Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Sau da yawa gilashin da za a sa wa motar Ringim daga jikin wata motar aka ciro shi, wadda ta yi hatsari ko ta mutu a wata ƙasa. Mai mota kan ba direban haya saƙo, ya faɗa masa samfurin motar da shekararta da ƙofar da ake nufi. In aka kuskure ɗaya, kuɗin mota ya tafi a banza. Hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, da rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da cire tallafin man fetur a 2023, kowanne ya ƙara wa farautar tsada. Kwalin da muke gani a taga ɗan wannan tarihin ne.

YADDA AKE AIKIN

Aikin kansa bai sauya sosai ba tun zamanin 504. Mai gyara, yawanci fanel-bita, zai cire hannun waina gilashi da marfin cikin ƙofa. Zai kwashe ɓaraguzan da suka zube a ciki tas, domin in aka bar su za su yi ta ƙara a kan hanya, su toshe 'yan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasan ƙofa, damina ɗaya tsatsa ta kama. Zai duba injin da ke ɗaga gilashin da robar da yake bi, saboda sau da yawa su ne suka kashe na farkon: roba ta bushe da zafin bazara, gilashi ya riƙa gogar ƙarfe, gefensa ya ɓantare, wata rana a buga ƙofa ya tarwatse. Daga nan sai a karkato sabon a zura shi ta sama, a zaunar da shi a mazauninsa, a ɗaga a sauke sau da yawa kafin a mayar da marfi.

A kusurwar kowane gilashin mota na ƙwarai akwai tambari. Harafin E da lamba a cikin da'ira yana nuna ƙasar da ta tantance shi: E1 Jamus, E2 Faransa, E6 Beljiyam, E11 Birtaniya. Ƙwararren mai saye wannan yake fara dubawa kafin ya taya.

Haɗarin yana wurin da aka ce da babu gara ba daɗi. Motocin da tagoginsu shimfiɗaɗɗu ne, irin tsohuwar Land Rover da wasu bas-bas da manyan motoci, suna jarabtar mai su ya je wurin mai yankan gilashin gida. Zai shiga daram, zai yi kyau a ido, kuma ya mayar da fasinja zamanin wuƙaƙen da aka baro tun kusan shekara ɗari. Mafita ga irin waɗannan ita ce gilashi mai falle biyu, wanda shi yana yankuwa: a zana sama, a zana ƙasa, a ɗumama ledar tsakiya a raba. Kwali da katako kuma suna rufe wa direba madubin gefe da mai babur ɗin da ke tahowa. Ƙofar da hannun gilashinta ya lalace aka ɗaure da waya, ranar da mota ta faɗa ruwa ko ta kama wuta, tarko ce. Mu da ke zaune a bakin kogin Haɗejiya, muka ga ambaliyar 2022, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Labaranmu cike suke da motoci, amma yawanci ba su da zamani. Jarumi ya shiga mota a 1965, sai ya danna maɓalli gilashi ya sauka. An yi hatsari, gilashin ƙofa ya tsage gida biyu, alhali tarwatsewa yake yi, gilashin gaba kuma ya zube ƙasa, alhali a motocin yau manne yake tsayawa. Mai karatun da ya yi karen mota ko ya girma a garejin babansa zai gane nan take, daga nan kuma ya daina yarda da sauran abin da muka faɗa. Taga ɗaya tana iya faɗin shekarar labari da arzikin mai motar ba tare da mun furta ba.

Littattafan tarihi sun rubuta ranar da aka buɗe layin dogo da ranar da aka ƙirƙiro jiha. Ba su rubuta wanda ya fara sana'ar fanel-bita a Ringim ba, ko nawa ake sayen gilashin 404 lokacin ana kashe fam da sule, kafin naira ta zo a 1973, ko sunayen da direbobi suka laƙaba wa kowane ƙarfe na cikin ƙofa. Wannan ilimi yana bakin tsofaffin direbobi da kanikawa da 'yan kamasho, a Ringim da Taura da Jahun da Kiyawa da Dutse. Kowannenmu ya nemi ɗaya a garinsu cikin makon nan, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi motar da ya fara tuƙawa da yadda tagarta take, ya rubuta kalmomin yadda suka fito daga bakinsa. Abin da muka samo mu kawo shi nan mu haɗa.

Allah ya tsare mu a hanya, ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.