Tsohuwar Pijo da hanyar da ta biyo zuwa Adar

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake cinikin tsohuwar mota a Tawa ya san maganar dillali: "Wagga ƴar Faransa ce, asali, ba a taɓa buɗe injinta ba." In ya ga mai saye ya fara laushi sai ya ƙara gishiri, wai har tseren Paris-Dakar ta yi. Ƴan uwa ɗalibai, irin wannan magana tarihi ne ake sayarwa, kuma tarihi ana bin sawunsa. Mota ba daga sama take faɗowa ba, sai ta biyo hanya, kuma kowace hanya da zamaninta.

Mu ɗauki Peugeot, wadda iyayenmu ke kira Pijo, tunda ita ce ta cika tashoshinmu kafin Toyota. Ƙirar 404 ta fito a 1960, 504 kuma a 1968. Mai dogon baya, wadda aka yi ta lodin fasinja da ita, sai 1971, bashe ta 504 kuma sai 1979. To wanda ya nuna maka bashe 504 ya ce ta 1970 ce, ba sai ka ɗaga bonet ba, lissafi kaɗai ya kama shi.

Hanya ta farko ita ce ta hamada. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan sayi tsohuwar Pijo da arha a ƙasarsu, su haye teku zuwa Aljeriya, su biyo Tamanrasat, su shigo ta Asamaka, su sauko Arlit da Agadas. Daga nan titin uraniyom ya bi da su Abalak har Tawa, wasu su wuce Yamai. Inda suka sami ciniki nan suke sayarwa, su hau jirgi da kuɗin su koma gida. A farkon shekarun 1990 rikicin Aljeriya da tawayen arewacin ƙasarmu suka tsayar da wannan fatauci. Saboda haka motar da aka ce ta biyo hamada ƴar Faransa ce da gaske, amma ku lura: ta riga ta tsufa kafin ta taso, sannan ta sha rairayi da duwatsu. Wadda ta yi wannan tafiya, ta ƙara shekara talatin tsakanin kasuwannin Adar, a ce ba a taɓa buɗe injinta ba? Haba!

Ta biyu daga kudu take. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci, kuma ta ci gaba da 504 fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983. Waɗannan sun shigo mana ta Illela da Ƙwanni. Ƴar Kaduna ba jabu ba ce, Pijo ce sosai, kuma sau da yawa ta fi ƴar Faransa ƙuruciya. Laifin dillali shi ne ya sauya mata garin haihuwa don ya ninka kuɗi. Daga baya tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta zama babbar ƙofa ta Gaya, amma wannan zamanin Toyota ne.

To yaya ake kama gaskiya? Ba da fenti ba. Fenti kowa na iya fesawa, kuma in ka goga mayen ƙarfe a jikin mota ya ƙi kamawa, mastik ne aka cike rami da shi. Agogon kilomita ma kada ka yarda da shi, don na tsofaffin motoci da yawa in ya cika dubu ɗari sifili yake komawa. Abin dubawa shi ne lambar shasi. Akwai wadda ke kan ɗan allon ƙarfe a ɗakin inji, akwai wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, akwai ta kan kart-giris da takardar duwan. Dole su zo ɗaya. Allo ana cire shi a liƙa wa wata mota, shi ya sa makaniki mai wayo yakan kankare datti ya duba ko akwai sawun walda kewaye da lambar da aka buga. Kuma tsarin lamba mai harafi da alƙalami 17 sai wajen 1981 ya zama ruwan dare, na Peugeot ta Faransa yana farawa da VF3. Motar da aka ce ta 1972 ce, ga ta da irin wannan lamba, ko shekarar ƙarya ce ko allon na aro ne. Wannan ba batun asarar kuɗi kaɗai ba ne: in lambar ta motar sata ce, kai da ka biya kai za ka yi wa jandarma bayani.

Zancen Paris-Dakar shi ya fi daɗin ji, don akwai gaskiya kusa da shi. Tseren ya sha ratsa Nijar tun zagayensa na farko a 1979, kuma a 1990 ya yada zango a Tawa tsakanin Agadas da Yamai. Ari Vatanen ne ya ci a shekarar, da Peugeot 405 T16. Amma waccan mota injinta a tsakiya yake, ƙafafunta huɗu duka na ja, kuma ƴan kaɗan kamfanin ya ƙera don tsere. Ba ta da haɗi da 405 ta tasha sai suna. Gaskiya ne a shekarun farko wasu masu son kasada sun shiga da 504, sai dai kowace mota da lambarta da sunan direbanta a rajistar tseren. Mai da'awa ya faɗi shekara, ya faɗi lamba. Takardar talla da aka manna a ƙofa ba shaida ba ce.

Ni a ganina ma'aunin masu tara tsofaffin motoci na Turai, wato inji na asali da kujeru na asali, bai dace da motocinmu ba. Pijon da ta yi jigila tsakanin Barmu da Tawa an sauya mata inji, an ƙara mata ƙarfen ɗaukar kaya, an ɗinke kujerunta wajen mai ɗinkin tamfol, don haka ne ma ta kai yau. In za a saye ta, a saye ta a kan haka, da kuɗin haka. Kuma kafin a biya la'ada, a je tasha a tambayi tsofaffin direbobi, don su sun san wa ya fara shigo da ita gari, da shekarar da ta kife, da garejin da aka ɗora mata injin wata.