BABI NA BIYU: TARIHIN MUHAWARA KAN AIKI DAGA GIDA DA KOMAWA OFIS

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen gudanar da shi. A wannan babi kuwa za a bi diddigin muhawarar da ake yi tsakanin masu goyon bayan ma'aikaci ya yi aikinsa daga gida da masu ganin dole ya halarci ofis. Mutane da yawa sun ɗauka annobar korona ta shekarar 2020 ce ta haifar da wannan takaddama. Amma tarihi ya nuna ta girmi annobar nesa ba kusa ba. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, samuwar na'urori kaɗai bai taɓa yanke hukunci kan inda za a yi aiki ba. Abin da ke yanke shi shi ne buƙatar mai aiki ta sa ido a kan ma'aikacinsa, da kuma ƙarfin da kowane ɓangare yake da shi a lokacin da ake cinikin. Saboda muhawarar ta fi ƙarfi a Ingila da Amurka, can aka fi mai da hankali, sannan a waiwayi Nijeriya a ƙarshe.

2.1 Daga Gida Zuwa Masana'anta

Kafin juyin masana'antu, gida shi ne wurin aikin yawancin masu sana'a. A Ingila ta ƙarni na 17 da na 18, attajiri yakan sayi gashin tumaki ya rarraba wa iyalai a ƙauyuka, su yi kaɗi da saƙa a ɗakunansu, sannan ya dawo ya karɓi yadi ya biya su gwargwadon abin da suka yi. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin ya yi kama da yadda dillalai ke kai wa mata ɗinkin hula a cikin gida, su biya ladan kowace hula idan an gama.

Attajiran Ingila sun riƙa kuka da wannan tsari ta fuskoki biyu. Na farko, suna zargin masaƙa da ɓoye wani ɓangare na gashin da aka ba su. Na biyu, ba su da iko a kan lokacin masaƙi, wanda yakan huta ranar Litinin idan ya ga dama, ya kuma tsawaita aiki a ƙarshen mako don ya cike gurbi. A shekarar 1771 Richard Arkwright ya kafa masana'antar kaɗin auduga mai aiki da ƙarfin ruwa a garin Cromford, inda ma'aikata ke shiga da fita a kan lokaci. Masanin tattalin arziki Stephen Marglin ya yi nazari a shekarar 1974 inda ya kafa hujja cewa tattara ma'aikata a wuri guda ya samo asali ne daga son sa musu ido da ladabtar da su, fiye da buƙatar injina. Wasu masana sun yi masa raddi, suna masu cewa injin da ruwa ko tururi ke juyawa ba ya shiga ɗakin talaka. Ko wanne aka ɗauka, a nan ne aka fara raba gida da wurin aiki.

2.2 Kafuwar Ofis

Ofis ya biyo sawun masana'anta ne. Kamfanin Ingila mai kasuwanci da Indiya ya sake gina hedikwatarsa a Landan a shekarar 1729, inda akawuna da yawa ke zaune suna kwafar wasiƙu da lissafi da hannu. A ƙarshen ƙarni na 19 wayar tangaraho da tafireta da tarho suka ƙara wa ofis girma. Dalilin taruwa a lokacin a bayyane yake: fayil ɗaya ne, a kabad ɗaya yake, duk mai buƙatarsa sai ya zo inda yake.

A shekarar 1911 Frederick Taylor ya wallafa littafinsa kan tafiyar da ma'aikata ta hanyar kimiyya, inda ya koyar da auna kowane motsi na ma'aikaci da agogo. A 1926 kuma kamfanin Ford ya tsayar da makon aiki na kwana biyar, sa'a 40. Daga nan aka saba auna ma'aikaci da sa'o'in da aka gan shi a kujerarsa. Littafin sa hannu da ake ajiyewa a bakin ƙofar ma'aikatun gwamnati, wanda ake ja wa jan layi bayan lokaci ya wuce, gadon wannan tunani ne.

2.3 Rikicin Man Fetur na 1973

A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka dakatar da sayar wa Amurka da wasu ƙasashe mai saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila. Farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. A daidai wannan lokaci Jack Nilles, wani injiniya da ya koma Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya jagoranci bincike a wani kamfanin inshora a birnin Los Angeles mai fama da cunkoson motoci. Shawararsa ita ce a kai wa ma'aikaci aiki ta waya zuwa ƙananan ofisoshi kusa da gidansa, maimakon a kawo shi tsakiyar gari kowace safiya. Ya wallafa sakamakon a 1976. A 1980 Alvin Toffler ya yi hasashe a littafinsa The Third Wave cewa kwamfuta za ta mayar da miliyoyin ma'aikata gidajensu.

Kamfanin IBM na cikin waɗanda suka fara gwadawa. A 1979 ya sa wa ma'aikata biyar na'urori a gidajensu, kuma zuwa 1983 adadin ya kai kimanin 2,000. A 2009 kamfanin ya bayyana cewa kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatansa 386,000 ba su da ofis na dindindin. Duk da haka hasashen Toffler bai tabbata ba a sauran kamfanoni. Da mai ya yi sauƙi, sai batun ya lafa, ko da yake na'urorin suna ta ƙaruwa.

2.4 Juyawar Farko: 2013 Zuwa 2017

A watan Fabrairu na 2013 shugabar kamfanin Yahoo, Marissa Mayer, ta soke aiki daga gida, bisa hujjar cewa haɗuwa ido da ido ce ke haifar da sababbin dabaru. A 2017 IBM ma ya umarci dubban ma'aikatansa su koma ofis ko su nemi wani aiki. Abin lura shi ne, kamfanonin biyu sun ɗauki wannan mataki ne a lokacin da kasuwancinsu ke ja da baya, ba don na'urorin sun gaza ba.

A wannan zamani ne aka samu gwaji na farko mai ƙarfi. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi nazarin ma'aikatan amsa waya na kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a birnin Shanghai na ƙasar Sin. An raba masu sha'awa gida biyu bisa ranar haihuwarsu, wasu suka yi wata tara suna aiki daga gida, wasu suka zauna a ofis. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna aikin na gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, kuma masu ajiye aiki a cikinsu sun ragu da rabi. Sai dai akwai wasu abubuwa biyu da suka fito. Na gida ba su samu ƙarin girma daidai da ƙwazonsu ba, sannan kusan rabinsu sun zaɓi komawa ofis bayan gwajin, galibi saboda kaɗaici. Wato binciken ya ba kowane ɓangare hujja, kuma ya nuna cewa wanda shugaba ba ya gani yakan yi asara ko da ya fi aiki.

2.5 Annobar Korona da Abin da Ya Biyo Baya

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Cikin makonni kaɗan ofisoshi suka rufe. Binciken Bloom da abokansa ya nuna cewa kafin annobar ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na kwanakin aiki ake yi a gida a Amurka, amma a tsakiyar 2020 adadin ya kai kusan kashi 60. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da shugabanni suka shekara arba'in suna cewa ba zai yiwu ba, ya yiwu cikin wata guda.

Ya kamata a lura cewa wannan dama ba ta kowa ba ce. Masana biyu daga Jami'ar Chicago, Jonathan Dingel da Brent Neiman, sun ƙiyasta a 2020 cewa kashi 37 cikin ɗari ne kawai na ayyukan Amurka za a iya yi gaba ɗaya daga gida. Direba da ma'aikaciyar jinya da mai shara ba sa cikin muhawarar.

Abin da ya faru daga 2021 shi ne ya fi fito da batun iko a fili. A wannan shekara Amurkawa fiye da miliyan 47 suka ajiye ayyukansu, kamfanoni na rububin ma'aikata. Shugaban bankin Goldman Sachs, David Solomon, ya soki aiki daga gida tun watan Fabrairu na 2021, amma kamfanoni da yawa sun yi ta ɗage ranar komawa don tsoron rasa mutanensu. Daga ƙarshen 2022 al'amari ya juya. Meta ya sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamba, Google ya sallami 12,000 a Janairun 2023. Da aiki ya yi wuya, sai muryar shugabanni ta yi ƙarfi. Twitter, wanda ya yi wa ma'aikatansa alkawari a Mayun 2020 cewa za su iya zama a gida har abada, ya janye alkawarin a Nuwamban 2022 bayan Elon Musk ya saye shi. Amazon ya wajabta kwana uku a ofis daga Mayun 2023, sannan kwana biyar daga Janairun 2025. Ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin mayar da ma'aikatan gwamnatin tarayya ofis.

Hujjar masu kira a koma ba ta rasa tushe ba. Nazarin da aka yi a kan ma'aikatan Microsoft fiye da 60,000, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna hulɗa tsakanin sassan kamfani ta ragu da aka koma gida. Sabon ma'aikaci kuma yana koyon aiki ne ta kallon na gaba da shi. A ɗaya ɓangaren, gwaji na biyu da Bloom ya yi a kamfanin Trip.com da ma'aikata 1,612, wanda aka wallafa a 2024, ya nuna cewa yin kwana biyu a gida da uku a ofis ya rage ajiye aiki da kashi ɗaya cikin uku ba tare da aiki ko ƙarin girma sun ragu ba.

2.6 Yadda Muhawarar Ta Shafi Nijeriya

A watan Maris na 2020 gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida. Ga ma'aikacin da fayilolinsa na takarda ne, kuma wutar lantarki ba ta tsayawa a unguwarsu, wannan umarni ya fi kama da zaman gida. A watan Disamba na 2021 Jihar Kaduna ta rage kwanakin ofis zuwa huɗu a mako.

Abin da ya fi kama da tarihin 1973 shi ne cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, wanda ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin naira 500 cikin kwanaki. A watan Yuni jihohin Kwara da Edo suka sanar da rage kwanakin zuwa ofis zuwa uku. Legas ta yi makamancin haka a Fabrairun 2024, sannan ta soke tsarin a 2025. A nan ma tsadar tafiya ce ta buɗe ƙofar, kuma hukuma ce ta rufe ta a lokacin da ta ga dama.

2.7 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda aiki ya tashi daga gida zuwa masana'anta da ofis, da yadda ya riƙa komawa gida a 1973 da 2020 da 2023, wato lokutan da tafiya ta yi tsada ko ta zama haɗari. An kuma ga cewa kiran komawa ofis yakan yi ƙarfi idan kamfani na cikin matsi ko ma'aikata sun rasa zaɓi. Bincike ya nuna kowane tsari yana da riba da asara, kuma raba kwanakin mako tsakanin gida da ofis ya rage asarar ɓangarorin biyu. Tambayar da attajirin Ingila ya yi game da masaƙinsa tana nan: da me za a auna ma'aikaci, da abin da ya kammala ko da sa'o'in da aka gan shi? Babi na gaba zai duba amsoshin da kowane ɓangare ya bayar ga wannan tambaya.