Daga Tsaunin Jingmai Zuwa Kakara: Tarihin Ɗanɗanon Shayin Kan Dutse

Gardamar ta tashi ne a teburin wani mai shayi a Lokuwa, cikin garin Mubi. Wani direba da ya dawo daga Gembu ya kawo tsarabar ganyen shayin Highland, aka dafa shi ruwan bunu. Wani ya ce bauri ya yi yawa, wani ya ce bai taɓa jin ƙamshi irin wannan ba. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne matasan wurin ba su san cewa tsaunin da ganyen ya fito da garinmu sun taɓa zama lardi guda ba.

Asalin bishiyar shayi yana tsaunukan kudu maso yammacin Sin, wajen Yunan da iyakar Bama. Daga can sunan "ca" ya bi fatake, Farisawa suka ce "cai", Larabawa suka ce "shai", mu muka ce shayi. Ataya kuma ta keto Sahara daga Maroko. A can Yunan har gobe akwai bishiyoyi masu ɗaruruwan shekaru, waɗanda ba a datse su kamar shinge, sai an hau ake tsinkar toho. A Satumban 2023 hukumar UNESCO ta sa dazukan tsaunin Jingmai cikin kayan tarihin duniya. Masu shan shayin nan suna yabon ɗacinsa da ke gushewa da wuri ya bar zaƙi a maƙogwaro, kuma a kan sake zuba wa ganye guda ruwa sau da yawa bai salance ba.

Namu labarin ya fi kusa. A ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Najeriya, ranar 1 ga Yuni aka haɗe. Aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna, don girmama Sir Ahmadu Bello, hedikwata kuma Mubi. Lardin ya miƙe siriri tun daga duwatsun Mandara har tsaunin Mambila. A shekarun 1970 aka buɗe gonar shayi a Kakara, can saman Mambila, mai tsayin kusan mita 1,600. An kafa jihar Gongola a 1976, sannan ranar 27 ga Agusta 1991 aka raba ta, Mambila ta faɗa Taraba, mu muka zauna Adamawa. Tun daga nan muke kallon shayin Kakara kamar baƙo, abin da har yau yake min ciwo.

To, me ke ba shayin kan dutse ɗanɗanonsa? 'Yan kasuwar Sin sun ce tsufan bishiya ne, wai saiwarta ta nutsa ta ɗebo abin da ƙaramar shuka ba ta kai gare shi. Wasu sun ce sarrafawa ce: a Yunan ana soya ganye a kasko, a murza, a shanya a rana, masana'antu kuwa inji ke daddatsa shi. Duka biyun suna da ƙamshin gaskiya, amma ni na tsaya a kan sanyi. A kan tsauni dare na da sanyi, hazo na tare zafin rana, toho yana fitowa a hankali, ƙamshi ya samu lokacin taruwa. Hujjata ita ce Kakara kanta. Shukokinta ba su wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, ana datse su daidai ƙugu, amma ƙamshin yana nan. Haka tsaunukan Kenya. Da tsufa ne kaɗai sirrin, da babu mai waiwayar su.

Duwatsunmu na Mubi kuwa ba za su yi shayi ba, domin raninmu ya yi tsawo, shukar kuwa tana son ruwa kusan duk shekara.

Masu shayinmu, don Allah ku riƙa ajiye ganyen Mambila a tebur. Kai kuma mai karatu, kafin a yi maka haɗin kauri, kurɓi ruwan bunun tukuna, ba madara, ba sukari, ka ji abin da tsohon lardinka yake nomawa.